Yadda Na Yanka Dogo Mai Tsawa

Litinin, 4 ga Mayu 1992, bayan azahar

Irmiya ya zo daga Minna jiya. Ajinmu ɗaya a firamare. Yanzu shi ke riƙe kyamara a gidan talabijin, ni kuwa ina nan Kontagora ina bin gidajen biki da suna da tawa kyamarar bidiyon. Ya ce a shirin yara na Babbar Sallah suna neman zane mai motsi na minti biyar, na gida, ba irin wanda ake kawowa daga waje ba. Wai yana jin haka sai Dogo Mai Tsawa ya faɗo masa a rai.

Ai kowa ma Dogo ke faɗo masa a rai. Manomin Kaboji da aradu ta faɗa wa bai mutu ba, ya tashi yana tsallake rimi da taku ɗaya, yana kama ɓarayin hatsi. Yayana Muhyiddin, malamin zane a makaranta, shi ya ƙirƙiro shi. Littafi tara cikin shekara bakwai, a buga a Minna, a sayar a tasha. Sai kuma mugun da ke cikin labarin, Burgu, mai fasa rumbunan mutane: gajere, mai wushirya, kunnensa na hagu a yage.

Da Irmiya ya shigo shagona cewa ya yi, "Burgu, kana nan?" Sannan ya kama bakinsa. Na yi dariya, na aika aka sayo masa lemo.

Ya nuna mini yadda ake yi. Ka yanko mutum daga takarda, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, ka haɗa gaɓoɓin da zare. Ka shimfiɗa shi a tebur, kyamara tana kallonsa daga sama. Ka danna, ka tsayar, ka matsa hannun kaɗan, ka sake dannawa. In an kunna kaset sai ka ga takarda tana tafiya.

Talata, 5 ga Mayu, da hantsi

Na je wurin Yaya. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya yi Dogo yana kwance a cinyarsa, bakin ya karkace, magana sai an ja ta. Likita ya ce zane kam ya ƙare. Matarsa Iyatu ce ke fassara shi, kamar baƙo ne ya zo daga wata ƙasa.

Da na gaya masa, idonsa ya kawo ruwa. Ya nuna ƙarƙashin gado da hannun hagu. Akwatin ƙarfe ne, a ciki zanen asali, shafi ɗari da tamanin, a kan kwali mai kauri, kowanne da launinsa. Wanda ake sayarwa a tasha baƙi da fari ne. Waɗannan don kansa ya shafa musu launi, babu irinsu ko'ina.

"Kwafi," in ji shi. "Kwafi... kawai."

Iyatu ta ce, "Ya ce ka yi fotokwafi ka yanka, ka maido masa da na asali yadda ka ɗauka."

Na ce, "Na ji shi, matar Yaya. Kunnena ɗaya ne ya yage, ɗayan yana aiki."

Babu wanda ya yi dariya. Mahaifiyarmu Hajja tana bakin ƙofa, ta ce, "Na'inna, amana ce yayanka ya ba ka, ka ji?" Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Na ce na ji. Na ɗora akwatin a bayan babur na ɗaure da roba.

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Fotokwafin banza. Injin ɗaya ne a garin nan, kusa da kotu, kuma duk abin da ka ba shi toka yake mayar maka. Jan rawanin Dogo ya zama baƙi, fuskar ta cuɗe da sararin sama. Takardar ma ba ta da kauri, ina kunna ƙwan lantarki a kanta sai ta nannaɗe.

Na gwada zana shi da kaina. Ya fito kamar mai ciwon haƙori.

Juma'a, 8 ga Mayu, bayan masallaci

A ƙofar masallaci wani mahauci ya ce, "Burgu, an ce za ka fito a talabijin?" Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Ni ma na yi.

Asabar, 9 ga Mayu, da safe

Shafi uku kawai. Daga littafi na biyu, wanda babu mai tunawa da shi. Na sayi sabuwar reza.

Sai da na yi alwala, ban san dalili ba. Na fara da wuya. Kwalin Yaya yana da daɗin yanka, reza tana bi sumul, ba ta ko ƙara. Na ciro kai daga shafi ɗaya, hannuwa daga na biyu, ƙafafu daga na uku, na huda da allura, na ɗaure. Na ɗauki kusan awa biyu ina dannawa ina tsayarwa, na mayar da kaset baya, na kunna.

Ya ɗaga hannu. Wallahi ya ɗaga hannu ya gaishe ni. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai har maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo.

In Yaya ya ga wannan ba zai tambayi shafi uku ba. Abin da na gaya wa kaina ke nan, kuma gaskiya ne.

Litinin, 11 ga Mayu, da azahar

An ɗauke wuta tun safe. Babu aiki.

Laraba, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Dogo ɗaya ba ya isa. Wanda ke tsaye ba zai yi gudu ba, mai gudu ba zai yi tsalle ba. Ana son babba in kyamara ta matso, ƙarami in ya yi nisa. Ga zafin ƙwai yana cin launin, kwana biyu ya koɗe, sai a nemi wani. Shafi goma sha tara zuwa yau.

Ba laifina ba ne. Haka aikin yake, a tambayi Irmiya.

Ina mayar da kowane shafi cikin akwati a inda na ɗauko shi. Ban zubar da ko ɗaya ba.

Juma'a, 15 ga Mayu, da yamma

Na leƙa gida. Yaya ya fara cin tuwo da hagu, rabi a baki rabi a riga. Ya tambaye ni, "Yana... tafiya?"

Na ce, "Har gudu yake yi, Yaya."

Ya yi wannan murmushin nasa na gefe ɗaya. Na daɗe ina kallon bakin. Na lura da yadda yake saukowa ta dama, da yadda miyau ke taruwa a kusurwar kafin Iyatu ta goge. Ban taɓa kallon fuska haka ba. Ashe haka masu zane suke kallon mutane.

Asabar, 16 ga Mayu, da hantsi

Burgu ba zai shiga fim ɗina ba. Na yanke wannan tun ranar farko, yau dai na rubuta.

Shekara bakwai. Na ɗauki bikin 'ya'yan manya, na sayi kyamara da gumina, na je har Rijau da Dukku ina aiki, amma ko'ina na sauka sunan ya riga ni isa. Ruka, wadda na nema shekara uku da suka wuce, ta ce ƙawayenta sun fara ce mata matar Burgu tun ba a kai gaisuwa ba. Da na yi wa Yaya magana a lokacin cewa ya yi, "Haba Na'inna, zane ne fa." Ya ci gaba da fiƙe fensir.

Shi ya fi kowa sanin yadda kunnen nan ya yage. Yana wurin. Ba zan rubuta wannan ba.

Yanzu wai in ɗauki sunan da hannuna in kai shi gidan talabijin, duk jihar ta gani. A'a. Labari dai yana son mugu, to zan samo masa.

Litinin, 18 ga Mayu, bayan azahar

Na zana sabon mugu. Ni da ban iya zane ba, sau ɗaya na yi ya fito. Ba zan faɗi kamanninsa ba. Hannu ɗaya kawai na ɗaura wa zare, ɗayan na bar shi yana lilo.

Talata, 19 ga Mayu, da safe

Shafi arba'in da shida.

Alhamis, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Ruwan farko mai ƙarfi. Rufin shago ya yi yoyo, na rungumi akwatin na kai shi kan benci, na rufe da rigata. Ina tsaye babu riga ina rawar sanyi don kada ɗigo ɗaya ya taɓa zanen Yaya. Da na tuna abin da ke ciki sai dariya ta kama ni.

Asabar, 23 ga Mayu, da azahar

Iyatu ta zo shago. Ba ta taɓa zuwa ba. Wai Yaya ne ya aiko ta ta karɓo littafi na tara, yana so ya duba wani abu.

Na so in tare ƙofa, ta riga ta shigo. Kawunan Dogo suna jere a faranti, hannuwa a gwangwanin madara, ƙafafu a kan tebur. Ta tsaya. Ta ɗauki kai ɗaya ta juya bayansa, ta ga kwali ne, ta ga rubutun mijinta da fensir, rabin kalma.

"Na'inna, mi ka yi?"

Na ce, "Fim."

"Kwafi ya ce maka. A gabana ya ce."

Na ce kwafin bai yi ba, na fara yi mata bayanin toka da zafin ƙwai. Ba ta saurara ba, idonta ya riga ya kai kan tebur, inda sabon mugun yake kwance ƙarƙashin gilashi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin daidai kusurwar bakin, kamar yadda ta saba, sannan ta ankara ta janye hannu.

"Uwa ɗaya uba ɗaya," in ji ta. "Ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Zane ne fa, matar Yaya."

Na ji daɗin faɗin haka. Na rubuta a nan don kada wata rana in yi wa kaina ƙarya: na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ta ce za ta gaya masa. Na ce bismilla, amma ta tuna likita ya ce ɓacin rai zai iya kawo na biyu, na biyun kuma ba ya barin mutum. Ta fita ba ta ɗauki komai ba.

Lahadi, 24 ga Mayu, da yamma

Ba ta faɗa ba. Ta ce masa na tafi ɗaukar biki a Rijau da mabuɗin shago. Yanzu mu biyu ne a cikin ƙaryar.

Laraba, 27 ga Mayu, bayan azahar

Wurin da Dogo ya ɗaga mugun sama ya jefa shi cikin rumbu ya ci mini kwana biyu. Hannun nan mai lilo yana ba da dariya ƙwarai in yana faɗowa. Na kira mai gyaran rediyo na nuna masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, can kuma ya daina ya dube ni. Ya ce yana da aiki.

Muryoyin duk ni na yi. Ta mugun ba ta ba ni wahala ba, na cusa goro a kumatu ɗaya na ja magana.

Juma'a, 29 ga Mayu, da safe

Na gama. Minti huɗu da rabi. Shafi saba'in da ɗaya.

Asabar, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Na ba direban Minna kaset ya kai wa Irmiya.

Na dawo shago na zauna. Babu abin yi. Reza tana nan, akwati yana nan. Na ce bari in tanadi wasu ko za su nemi kashi na biyu.

Litinin, 1 ga Yuni, da azahar

Babu wanda ya nemi kashi na biyu. Ina dai yanka.

Laraba, 3 ga Yuni, da hantsi

Saƙon Irmiya: sun karɓa. Ranar Sallah, ƙarfe huɗu na yamma. Ya ce ogansa ya tambayi ina Burgu, yaransa Burgu suka fi so. Irmiya bai ga Yaya ba tun da ya kwanta, shi ya sa bai ce komai game da sabon ba, sai dai wai yana da ban tausayi.

Yatsana ya yi kanta inda nake danne reza.

Juma'a, 5 ga Yuni, bayan masallaci

Ɗari da tamanin.

Wanda yake shafin ƙarshe yana tsaye ne a kan dutse, yana ɗaga wa mutanen Kaboji hannu. Yaya ya yi shi sati biyu kafin ya faɗi. Layin yana ɗan rawa a kafaɗa, ban taɓa lura ba sai da reza ta bi ta wurin.

Na ɗauka in na gama zan ji sanyi a raina. Yunwa kawai na ji, na je na ci shinkafa da wake.

Lahadi, 7 ga Yuni, da yamma

Iyatu ta tare ni a zaure. Ta rame. Ta ce za ta cire wayar talabijin ta ce ya lalace. Na ce ta yi duk abin da ta ga dama.

Ba zai yiwu ba. Yaya yana ƙirga kwanaki da yatsun hagu, Hajja kuma ta gaya wa unguwa duka. Ta ce, "Yaran ga nawa biyu, guda ya zana, guda ya sa shi tafiya." Ta sa an wanke wa Yaya babbar rigarsa.

Talata, 9 ga Yuni, da safe

Zan iya zuwa Minna in karɓo kaset ɗin. Mota tana tashi ƙarfe tara.

Talata, da azahar

Ban je ba.

Alhamis, 11 ga Yuni, ranar Sallah, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

An fito da talabijin tsakar gida. An kwantar da Yaya a kujera mai hannu, an tokare shi da matashi. Maƙwabta sun cika gidan, ƙamshin suyar naman layya ko'ina. Na yi addu'a a ɗauke wuta. Wata guda ana ɗaukewa kullum, yau ba a ɗauke ba.

Dogo ya fito da jan rawaninsa, ya ɗaga hannu. Gidan ya ɗauki ihu. Hajja tana ta "Ikon Allah, ikon Allah." Yaya ya turo kai gaba, bakinsa a buɗe, hawaye yana bin gefen da ba ya motsi. Minti ɗaya cur yana murna. Na gani, ba zan hana shi wannan ba.

Sai Dogo ya matso kusa, fuskarsa ta cika gilashin. Fotokwafi ba ya yin launi. Ban san me ya sa na zaci mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyar da zane ba zai tuna da haka ba.

Ya ɗaga yatsa. "Na huɗu," in ji shi. "Shafi... shida." Dogo ya yi tsalle. "Ƙafar... na bakwai." Ya ci gaba da kira, gaɓa bayan gaɓa, kowace da littafinta. Mutane suka ɗauka alfahari yake yi, suna ta gyaɗa kai. Iyatu ta shige ɗaki.

Sannan mugun ya fito daga bayan rumbu, yana jan ƙafa, hannu yana lilo, ya buɗe karkataccen bakinsa ya yi magana da muryata. Yara suka fashe da dariya. Manya ma suka fara, sai wata mata ta waiwaya ta dubi kujera, ta sake duban talabijin. Dariyar ta mutu daga baya zuwa gaba. Yaran ne kawai suka kai har ƙarshe, har inda aka jefa shi cikin rumbu, suka yi tafi.

Yaya ya daina kiran shafuka. Ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama daga inda yake rataye a gefen kujera, ya ɗora a cinya, ya ja babbar riga ya rufe.

Mutane suka fara tuna suna da nama a wuta. Hajja ba ta dube ni ba. Ni ma na tafi.

Juma'a, 12 ga Yuni, da hantsi

Iyatu ta aiko: yana son akwatinsa.

Juma'a, bayan la'asar

Na kai. Yana zaune a gado, Iyatu a gefensa, Hajja a bakin ƙofa. Na ajiye zan juya, ya buga katifa da hannu. Ya nuna akwatin, ya nuna ni. In buɗe, in ɗaga masa, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaga na farko. Ga gona, ga rumbu, ga sama mai hadari, ga rami a tsakiya mai siffar mutum. Ta cikin ramin nake hango idon Yaya. A kusurwar shafin kuma ga gajere mai wushirya yana leƙe, lafiyarsa lau, reza ba ta taɓa shi ba.

Na biyu haka. Na goma haka. Ban taɓa duba su a jere ba sai yau. Duk inda na cire Dogo, wancan yana nan, yana dariya, yana gudu da buhu, yana ɓuya bayan rimi. Shafi ɗari da tamanin, aikin Yaya na shekara bakwai, babu wanda ya rage a ciki sai shi.

Iyatu ta ce, "Malam, ya isa haka." Ya girgiza kai. Hannuna ya gaji, na canza, ya jira. Muka kai har ƙarshe, har dutsen da babu kowa a kansa.

Na tsaya ina jiran zagi. Na shirya amsa tun a hanya: kunnen, Ruka, mahaucin, duka. Ina so ya ce amana, in ce masa zane ne fa.

Ya daɗe yana tattara bakinsa. Iyatu ta matso za ta fassara, ya ɗaga mata hannu. Abin da ya faɗa ya fito sarai, babu inda ya karye, tun da ya kwanta ban ji ya yi magana haka ba.

Sai da nake kan babur na tsaya lissafi. Mahauta sun kira ni da shi, direbobi, 'yan makaranta, Irmiya, Iyatu da wasa, har Hajja sau ɗaya da ta manta. A duk garin nan mutum ɗaya ne bai taɓa ba, ko da wasa, ko a bayan idona, sai yau.

Cewa ya yi, "Rufe akwatin. Ka iya tafiya, Burgu."